Jakar Baƙo a Gindin Zuma

Insfekta Kamaluddeen Alhassan yana da rauni guda ɗaya da kowa ya sani a ofis: a zage shi ya yi dariya, amma kada a taɓa sunan garinsu Suleja. Shi ya sa ransa ya ɓaci da yammacin Asabar ɗin nan, da aka shigo masa da wani baƙo ɗan ƙasar Sin an sace masa jaka.

Sunan baƙon Mista Liyang. Yana da ɗan ƙaramin gidan haɗa giya a birnin Qingdao, ya zo Abuja wajen ƙaninsa, ya ɗauki shatar mota don ya yini yana yawon buɗe ido. Ya ga masu ginin tukwane, ya ga Dutsen Zuma, ya ƙare a gidan wata tsohuwa 'yar Gbagyi mai suna Azumi, wadda ta gaji dafa burkutu. A can jakar kyamararsa ta yi ƙafa.

Sajan Oluchi ce ke yin tafinta, don baƙon ba ya jin Hausa.

"Ina jakar take lokacin da kuke gidan?" Insfekta ya tambaya.

"Ya ce a mota ya bar ta, yallaɓai. Direba ne ya ce masa mutanen gidan ba sa son hoto."

Direban, Ismail, ya matso tun ba a kira shi ba. "Oga, ni haifaffen Iku ne, nan Suleja, na san halinsu ciki da bai. Tsohuwar nan ce. Da idona na gan ta."

"Ka gan ta, ka yi shiru?"

"Ban san jakar ce ba sai daga baya."

Insfekta ya dube shi. Ya sa aka shiga mota, motar direba a gaba, ta 'yan sanda a baya, sai Zuma.

Labari ya riga su isa. Masu shan burkutu sun watse, an kife ƙoƙuna, maƙwabta sun yi cirko-cirko a bakin danga. Azumi tana zaune kusa da manyan tukwanenta, idonta jawur. Mace ce da ta tsufa a wurin ba a taɓa jin ta da kayan wani ba, ga shi yau ana nuna ta da baki a gaban jikokinta.

Insfekta ya rusuna. "Sannu da gida, Iya."

"Yawwa, ɗana. Kun zo tafiya da ni?"

"Tambaya na zo yi. An ce kun hana baƙo ɗaukar hoto."

"Wa ya hana?" Ta miƙe zumbur. "Ni na ce ya ɗauka! Mutumin kirki, ya durƙusa ya sansana tsiron dawa, ya ɗanɗana, ya yi ta jinjina mini da hannu. Ya nuna mini nasa tukwanen na ƙarfe a waya. Na ce sai ya kai hotona garinsu. Da ya je ɗauko abin hoton ne aka ce babu."

Insfekta bai taɓa kai burkutu bakinsa ba, ba kuma zai fara ba. Amma jin cewa mutum ya taso daga bangon duniya ya jinjina wa aikin wata tsohuwar ƙasarsu ya yi masa daɗi har cikin rai.

Ya juya ga direba. "Malam Ismail, kana ina sa'ad da suke ciki?"

"Na je sallar la'asar, Oga."

"Ka kulle motar?"

"Na manta gilashin baya a buɗe."

Sajan Oluchi ta zagaya ta taɓa kujerar baya. An yi ruwa mai ƙarfi da la'asar, har yanzu ƙasa jiƙe take. Kujera kuwa a bushe ƙayau. Ta ɗaga wa Insfekta gira.

"To, faɗa mana abin da ka gani," in ji Insfekta. "A hankali, kowa ya ji."

Ismail ya gyara murya. Ganin taro ya ƙara masa ƙarfin gwiwa. "Ina dawowa na hango ta ta fito daga bayan motar. Ta sa abu baƙi a cikin babbar ƙwarya, ta rufe da zane, ta ɗora a kai, ta bi ta bayan gida da sauri."

"Ta ɗora a ina?"

"A kai, Oga. Har da gammo."

Sai wata mata a bakin danga ta fashe da dariya, sauran suka ɗauka. Ismail ya shiga waige-waige, bai san abin da ya faɗa ba.

"Iya," in ji Insfekta, "yaushe rabonki da ɗaukar kaya a kai?"

"Ni? Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ba. Kai ai shi ke ɗauke da tunanin mutum, ba a ƙara masa nauyi." Ta ɗan ja wuyan rigarta, ta nuna bayan kafaɗarta inda fata ta yi kauri ta yi baƙi. "Nan itace ya hau, nan ruwa ya hau, nan dawa ta hau."

Insfekta ya tako har gaban direba. "Yaron da aka yaye jiya a Iku ya san tsohuwar Gbagyi a kafaɗa take ɗaukar kaya. Kai ɗan ina ne?"

"Ban daɗe da zuwa ba, Oga."

"Na sani. Buɗe but ɗin motarka."

Ismail ya buɗe. Sajan Oluchi ta ɗaga shimfiɗa, ta ciro tayar safaya. Ga jaka nan a ƙarƙashi, an naɗe ta da tsumman goge mota.

Direban ya zube ƙasa. "Sharrin shaiɗan ne. Na ga gobe zai koma ƙasarsu, na ɗauka ba wanda zai tsaya wa tsohuwa mai burkutu."

"Ka yi kuskuren gari," in ji Insfekta. "Sajan, sa masa ankwa."

Aka tasa ƙeyarsa zuwa motar 'yan sanda, matan unguwa suna yi masa ature.

Mista Liyang ya duba kyamara, komai lafiya. Ya sunkuya wa Azumi har sau biyu, ya yi magana a hankali.

"Yana neman gafara, Iya," in ji Oluchi. "Ya ce ko har yanzu kin yarda da hoton? Zai rataye shi a gidan giyarsa, inda kowa zai gani."

Azumi ta share ido da bakin zane. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta ɗauki ƙwaryarta mafi girma, ta aza a kafaɗa, ta tsaya ƙyam, Zuma a bayanta.

"Ɗana," ta ce wa Insfekta, "gaya masa ya ɗauka da kyau. Kada ya yanke kafaɗar."