Taƙi Ɗaya Zuwa Wakkanai

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar a garin Sendai na ƙasar Japan. Kanta na ja, ita ma ta san da haka, kuma ba ta bari kowa ya manta.

Wata rana kakarta, Kaka Tsuruyo, ta aje wayar tarho idonta cike da ƙwalla.

"Yaya Mitsue za ta cika shekara tamanin da takwas ranar Asabar ta farkon Agusta," in ji ta. "Da azahar za a sa mata rawayar rigar da ake sa wa mai waɗannan shekaru bisa al'ada. Ta ce ni take so in sa mata. Rabona da ita shekara goma sha ɗaya."

Yaya Mitsue, yayar Kaka, tana Wakkanai, can ƙurewar arewacin tsibirin Hokkaido.

"Za mu je da motarmu, Inna," in ji Baba. "Sai dai aiki ya sha mini kai, kuma hutuna sai Juma'a zai fara. Wa zai tsara mana hanya?"

"Ni," in ji yarinyar. "Ai ni ce ta ɗaya a darasin taswira."

"Kawo in taya ki," in ji wanta Ryosei.

"Kai da kake ɓata a hanyar kasuwa? Riƙe kayanka, Yaya."

Ta buɗe littafin taswirarta na makaranta. Ta auna daga Sendai zuwa Aomori, inda ake hawa jirgin ruwa: taƙi ɗaya. Ta san wannan tafiyar awa huɗu da rabi ce. Ta juya shafi, ta auna daga Hakodate, inda jirgi ke sauke mutane, zuwa Wakkanai. Shi ma taƙi ɗaya. Shi ke nan, an gama!

Ta rubuta da alƙalami mai launi: Juma'a a kwana a Hakodate. Asabar a tashi da sassafe, a ratsa gonar furanni ta Furano, a isa kafin azahar. Wannan gona kuwa, tun bara take mafarkinta.

Baba ya ga takarda tsaf-tsaf, ya ce madalla, ya manna ta a jikin firji.

A makon ƙarshe kafin hutu ta kai wa Malama Shiraishi takardar. Ba gyara take nema ba, yabo take nema.

Malama, wadda haifaffiyar Hokkaido ce, ta duba ta ƙara dubawa.

"Kin karanta ma'aunin da ke ƙasan shafin?"

"Ai duk littafi ɗaya ne, Malama."

"Littafi ɗaya, ma'auni daban. Tsibirinmu ya fi ƙarfin shafi, shi ya sa ake matse shi. Taƙinki a nan ya kusa ninka wancan. Tafiyar awa tara ce, ko ba a tsaya shan ruwa ba. Mutanen kudu kullum a nan suke faɗawa."

Yarinyar ta ƙirga da yatsu. Awa tara? Ke nan kafin su isa an gama biki an wanke kwanuka, wani ne zai sa wa tsohuwa rigarta.

Da yamma aka zauna cin abinci. Kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma ta dubi Kaka, ta aje tsinkayen cin abincinta.

"Baba, na yi kuskure. Takardar nan za ta sa mu makara."

Ta faɗi komai, ba ta rage ba.

"To, gwanar taswira," in ji Ryosei.

"Ya isa," in ji Baba. Ya juyo gare ta. "Ke kika ɓata, ke za ki gyara."

Wannan karon ta tambaya. Malama ta nuna mata hanyar bakin teku, da inda za a cika tanki, don gidajen mai a arewa suna da nisa da juna. Ryosei ya taya ta lissafin awoyi. Sabon tsari ya fito: ba kwana a Hakodate, a zarce birnin Sapporo tun Juma'a, a kwana can, a tashi da asuba.

Saura gonar furanni, wadda ta kauce wa hanya. Ta daɗe tana kallon sunan. Da hannunta ta ja masa layi, kuma abin ya yi mata ciwo.

Ranar Asabar, ƙarfe sha ɗaya da rabi, motarsu ta tsaya a ƙofar gidan. Tsofaffin nan biyu suka rungume juna, suna dariya suna kuka. Kaka ta sa wa yayarta rigar.

"Wa ya kawo ku a kan lokaci haka?" in ji Yaya Mitsue.

Kaka ta jawo yarinyar gaban jama'a. "Ƙawata ce. Ita ta tsara hanyar nan kaf."

"Sau biyu na tsara, Kaka," in ji yarinyar. "Na farko bai yi ba, don ban tambayi kowa ba."

"Da na biyun nake taƙama," in ji Kaka. "Wanda ya ce na yi kuskure tun da sauran lokaci, ya nemi taimako, shi ne ke kai mutane gida."