Dutsen Rigar Umma

"Ka tafi kawai..." Tari ya sarƙe ta, ta dafe ƙarfen gadon asibitin. "Ummarka ta yi gaskiya. Wa zai auri mai tibi?"

"Ba inda za ni, Telata!" Haka yake kiranta, don ɗinki ne sana'arta.

Sati biyar ke nan tana fama da tari da zazzaɓi, ta rame sai idanu. 'Yar ƙanwar Umma, wadda ta daɗe tana sonsa, ita ta baza cewa tarin tibi ne, Umma kuwa ta ce a bar maganar aure. Gwaji ya nuna ba tibi ba ne, amma tunda tarin bai tsaya ba, Umma ta ƙi saurara.

Likita ta shigo riƙe da hoton ƙirjinta.

"Ciwon ya maƙale wuri ɗaya, ƙasan huhun dama. Kin taɓa ƙwarewa da wani abu?"

Ta girgiza kai.

"Ta taɓa!" Ya miƙe zumbur. "Likita, in tana ɗinki a baki take tara duwatsun ado, tana zaro su ɗaya-ɗaya. Ranar da na je gyara mata keken ɗinki na ba ta dariya, ta ƙware har da hawaye. Ta ce ya wuce..."

Ita sam ta manta. Shi da ke wuni a shagonta, har ƙawaye na tsokanarta wai kekenta ya fi na kowa lalacewa, bai manta ba.

Washegari aka zura mata siririn bututu ta maƙogwaro, aka zaro ɗan koren dutse, bai kai ƙwayar wake ba. Aka ɗora ta kan magani, kwana uku zazzaɓin ya sauka.

"Laifina ne, masoyiya. Ni na ba ki dariya."

"Kai ka lura da ni, har ka fi ni sanin kaina..." Hawaye suka zubo mata. "Na gode. Wallahi na gode!"

Ran nan Umma ta zo, ta toge a bakin ƙofa. Ya miƙa mata 'yar kwalbar da aka sa dutsen. Ta dubi dutsen, ta dubi wuyan rigar jikinta, inda irinsa suka yi layi.

"Wannan ai na rigata ne..."

"Wadda ta yi miki kyauta, Umma."

Umma ta ƙaraso, ta zauna bakin gadon, ta kama hannunta.

"Ki yafe ni, 'yata. Ki warke ki ɗinka ta aurenki." Ta share ido da gefen mayafi. "Amma duwatsun a faranti za ki zuba su, kin ji ko?"