Lallen Amarya a Ƙafar Kaka

A wani gari an yi wata mai zanen lalle, ana ce mata Ladidi. Hannunta ya iya aiki, amma idonta kullum yana kan waya.

Ran nan aka kira ta ta yi wa wata amarya lalle. Ta zauna, ta ɗora waya a cinya. Ta ja layi ɗaya, waya ta ce ƙit, Ladidi ta leƙa. Ta ja na biyu, waya ta ce ƙit, Ladidi ta leƙa.

Kakar amarya ta ce, "Yarinya, ajiye abin nan ki dubi aikinki."

Ladidi ta ce, "Haba Kaka, ni ko idona a rufe sai in zana." Ko ɗago kai ba ta yi ba.

Da ta gama ƙafar dama, Kaka ta yafito amarya ta matsa gefe a hankali. Tsohuwa ta zauna a wurinta, ta miƙa tata ƙafar. Ladidi ta kama, ta yi ta zuba furanni har ƙauri, tana dariyar wani bidiyo.

Can ta ce, "Amarya, wannan kaushi haka? Ba kya shafa mai ne?"

Kaka ta ce, "Shekara tamanin take taka ƙasa, yarinya."

Mata suka kwashe da dariya. Ladidi ta ɗago kai, kunya ta rufe ta, ta suri mayafi ta fice.

Wata aka kira ta ƙarasa wa amarya. Kaka kuwa ta hana a wanke nata, ta ce sai ya kama sosai, don ita ce gaba wajen rawa.