Ranar Da Auta Ta Wanke Totuwa

Ku matso kusa, yara. Wajen ba da labari ni ba kanwar lasa ba ne.

Baban Auta mai walda ne, gwani na gaske. Ya haɗa wani duro mai murfi da bututu. Yakan zuba totuwar masara a ciki, ya kunna wuta, ya rufe, ya bar 'yar kafar iska. Totuwar tana ci a hankali, tana fitar da gas. Gas ɗin ya bi bututu har murhun Mama. Wuta shuɗiya, ba hayaƙi, ba hawaye!

Auta ta cika ajinsu da labari. "Babana da shara yake yin gas!"

"Kai, Auta, rage gishiri!" in ji yara.

Malama ta ce, "To, gobe ma je mu gani."

Da safe Auta ta duba buhun totuwa. Duk ƙura. Ta ce a ranta, "Dariya za su yi mana." Ta juye su a baho, ta wanke tas, ta mayar buhu.

Baƙi suka iso. Baba yana ta gaisawa da Malama, Auta ta yi wuf ta cika duro. Baba ya kunna. Da ƙyar wutar ta kama. Ya ƙyasta ashana a murhu. Shiru. Sai farin hayaƙi, kowa na tari.

Wani yaro ya ce, "Malama, gas ɗin ma tari yake yi?"

Aka kwashe da dariya. Baba ya ɗauki totuwa ɗaya daga buhu, ya matse ta. Ruwa ya ɗiga.

"Wa ya yi musu wanka?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Baba. Don kada a ce mu ƙazamai ne."

Baba ya yi murmushi. "Autata, wuta ba ta shiri da ruwa. Busasshen abu take so. Ruga wurin kafinta ki roƙo mana guntayen katako."

Auta ta ruga, ta dawo da kwando cike. Baba ya kwashe jiƙaƙƙun, ya zuba busassu, ya sake kunnawa. Can sai ya miƙa mata ashana, ta ƙyasta a murhu.

Fuu! Shuɗiyar wuta ta tashi. Yara suka hau tafi.

Malama ta ce, "Lallai Baban Auta, hannunka da albarka. Kun gani, yara? Kafin ku gyara abin da ba ku sani ba, ku tambayi mai shi."

Mai tsokanar nan ya matso. "Auta, don Allah ajiye mini totuwa. Amma ban da wanka!"