Muryar Metir Tahir

Ƙarfe biyar na yammacin kowace Lahadi, gidan Alhaji Halliru mahauci da ke unguwar Yelwa a Garwa yakan yi tsit. Matarsa Hadje takan sauke tukunya da wuri, 'yarsu Mardiya ta ja tabarma gaban tele, wato talabijin. Lokacin wasan Metir Tahir ne.

Metir Tahir lauya ne a cikin wani wasan kwaikwayo da wata ƙaramar tashar garin ke nunawa da Faransanci da Fulatanci. Ba ya gaisuwa, ba ya godiya, ba ya zuwa suna balle jana'iza. In talaka ya zo masa da kuka, sai ya ce ya matsa baya kada hawaye su ɓata masa takardu. Amma in ya shiga kotu, ba mai iya tsaya masa.

"Wannan yaro ba shi da tarbiyya," in ji Alhaji daga bakin ƙofa, buta a hannunsa.

"To ka zauna mana, Alhaji, ko ka wuce," in ji Hadje.

Ba ya zama, ba ya wucewa. A tsaye yake kallon wasan har ya ƙare. Mardiya ta fahimci dalili. Tun asuba mahaifinta ke rusuna wa masu sayen nama da ma'aikatan duba lafiyar naman, yana dariyar da ba ta kai ciki ba, ga shi kuma wani yana faɗa wa manya abin da kowa ke haɗiyewa.

Ita abin da ya kama ta daban ne. Wata rana an nuna Metir shi kaɗai a ofis yana cin busasshen burodi. Daga ranar ta yanke cewa mutumin ba mugu ba ne, ciwo ne a zuciyarsa, kuma da zai samu mace irinta da ya warke.

"Ke da rabin 'yan matan Garwa," in ji Nadine, ƙawarta da suke karatun jinya tare, da ta gaya mata. "Kowacce gani take ita kaɗai zai yi wa murmushi."

A asibitin da suke koyon aiki ta haɗu da mai fitowa a matsayin Metir. Ya kawo mahaifiyarsa awon jini. Sunansa na gaskiya Muktar, malamin Faransanci ne a wata kwaleji. Sau uku ya yi mata godiya, kuma yana da i'ina, har sai ya runtse ido kafin wata kalmar ta fito.

Bayan sun saba ya ce mata, "In na ɗauki muryar Metir, i'inar tafiya take. Ba na tsoron kowa. Shi ya sa na karɓi wasan."

Soyayya ta ƙullu. In suka zauna da yamma kusa da gadar Binuwai, takan nuna masa wani mai wucewa ta ce, "Yi mini muryar." Sai ya ɗaure fuska ya yanka wa bawan Allah magana ƙasa-ƙasa, ita kuma ta yi ta dariya har da hawaye. A irin wannan hirar ce ta ba shi labarin yadda babanta ke kallon wasan a tsaye.

Wata rana bayan ta gama dariya ya ce, "Mardiya, wa kike so a cikinmu, ni ko shi?"

"Kai mana," ta ce da sauri, ba ta ko tsaya ta duba zuciyarta ba.

Da maganar aure ta iso gida, Alhaji ya ce atafau bai yarda ba.

"Baba, wasa ne fa. Rubuta masa ake yi ya haddace."

"Ni ma yanka koya mini aka yi," in ji Alhaji. "Yau ko idona a rufe hannuna ya san inda wuya yake. Bakin da ya saba wulaƙanta dattawa ba zai manta ba."

Wata biyu Hadje tana lallashi kafin ya ce yaron ya same shi a rumfarsa a kasuwa. Da safiyar ranar Muktar ya kira Mardiya.

"Kada ka ji tsoro," ta ce masa. "Ka tuna kai ne Metir."

Alhaji ya bar shi a tsugunne kusan awa guda yana ta saran ƙashi. Mahauta suka kewaye shi suna tsokana, "Metir, ɗan zage mu mana mu ji." Can Alhaji ya ajiye wuƙa ya ce, "Kai, in aka cire ƙaryar da kake yi a tele, me ya rage?"

Muktar ya buɗe baki, i'ina ta riƙe shi. Wani mahauci ya kwaikwaye shi, rumfa ta ɗauki dariya. Sai ya miƙe tsaye, magana ta fito tar, ba gargada.

"Alhaji, shekara talatin kana sunkuya wa duk wanda ya zo sayen rabin kilo. Kowace Lahadi kana tsaye a bakin ƙofa kana kallona, don ni ne abin da kake so ka zama amma ba ka da zuciyar."

Ba wanda ya sake dariya. Muktar ya dubi fuskar dattijon, sai a lokacin ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Alhaji ya dawo gida kafin azahar, abin da bai taɓa yi ba. Bai yi faɗa ba. Ya dubi Mardiya ya ce, "Wa ya gaya masa a tsaye nake kallo?"

Ta durƙushe tana kuka. "Ni ce, Baba."

"To."

Daga wannan kalmar bai sake yi mata magana ba. Kullum da safe takan durƙusa ta gaishe shi, ya sa takalmi ya fita. Ta rame, ta faɗi jarrabawar shekarar. Hadje ta rasa wanda za ta lallasa. A kasuwa kuwa labari ya zaga, har yaran mahauta na maimaita maganar a bayan idon Alhaji.

Muktar ya bar wasan. Blaise, mai shirya shi, ya yi roƙo har ya gaji. Mutanen da ke tsayar da shi a titi su ɗauki hoto suka koma cewa ya kashe musu Lahadi. Muktar ya nemi a mayar da shi wata makaranta a garin Pitowa da ke kusa. Kowace Juma'a yakan hau taksi ya zo rumfar, ya tsugunna ya yi gaisuwa, a ƙi amsa masa, ya tashi ya koma.

Sau ɗaya suka yi waya da Mardiya a tsawon lokacin. Ta ce, "Ranar da ka tambaye ni wa nake so, ƙarya na yi maka. Shi nake so a lokacin. Ni na yi ta kiransa har ya fito a gaban Baba. Ka yafe mini."

"Bakina ne, Mardiya," ya ce. Kowa na jin kukan ɗan'uwansa.

Sai da aka yi shekara guda da wata bakwai sannan Alhaji ya ce wa Hadje yaron ya turo manyansa. Alhaji ya wakilta ƙaninsa wajen ɗaurin aure, shi bai je ba. Ba kiɗa, ba taro.

Da za a kai amarya, Hadje ta kai ta ɗakin Alhaji. Mardiya ta kama ƙafarsa tana kuka. Ya daɗe kafin ya dafa kanta.

"Na yafe miki. Shi ma na yafe masa, ya yi haƙurin da ban zata ba. Amma kada ya jira in zauna hira da shi. Da ƙarya ya faɗa, da tuni na manta. Gaskiya ya faɗa, a gaban yarana."

Suna zaune a Pitowa yanzu, lafiya lau, har da 'yarsu Kausar. In sun zo Garwa, Alhaji yakan ɗauki jikarsa ya yi mata wasa, ya amsa gaisuwar surukinsa da kalma biyu, ya tashi ya shiga ciki.

Haƙuri ya ba su aure, amma bai mayar musu da duk abin da suka rasa ba. Mai girman kai yana da daɗin kallo ne muddin a kan wani yake sauke maganarsa. Duk yarinyar da ke tafa wa mai wulaƙanta mutane, ta sani cewa wata rana wanda za a wulaƙanta nata ne.