Tukunyar da Yaflet Bai Fasa Ba

A Shilo, inda alfarwar Ubangiji take, doka ɗaya ce a kan tukunyar da aka dafa naman hadaya a ciki. In ta tagulla ce, a goge da yashi a ɗauraye. In ta ƙasa ce, a fasa, domin yumɓu yana shan romo, kuma abin da ya sha tsarki ba ya hawa murhun kowa. Yaflet, mutumin kabilar Ifraimu, ya san haka sarai. Shekara goma sha tara yana ɗebo wa firistoci ruwa da itace, shi ne kuma mai fasa tukwanen a bayan shingen alfarwar.

Ran nan da la'asar sakaliya, tsohon firist Abiyel ya miƙo masa wata. Sabuwa ce fil, ja, mai faɗin baki. Sau ɗaya ta hau wuta.

"Ungo, kai ta kafin rana ta faɗi," in ji Abiyel. "Ka daina yi mata wannan kallon, sai ka ce ka ga amarya."

"Haba Baba, kallo ma laifi ne?"

"Daga nan ake farawa. Fasa ta ka tafi gida."

Yaflet ya zagaya bayan shinge, ya ɗaga dutse. Sai ya tuna da matarsa Azuba. Tata tukunyar ta tsage tun girbin sha'ir, kullum tana aron ta maƙwabta tana shan gori. Ya ƙwanƙwasa wannan da yatsa, ta yi ƙara mai daɗi. Ya waiga, ba kowa. Ya maka dutsen a kan tsoffin tsingaro don tsohon ya ji, ya naɗe tukunyar a mayafinsa, ya kama hanya.

Gidansa yana gangare, bayan gonakin inabi. Sai an bi ta wani kwari mai duwatsu. Rana ta yi ja, gyare sun fara kuka.

A tsakiyar kwarin ya ji ɗumi a haƙarƙarinsa. Ya ce tafiya ce. Sai ƙanshi ya bugi hancinsa, romon rago da kitse, irin na yanzu aka sauke. Alhali busasshiya ya ɗauko ta.

Ya ɗaga bakin mayafin. Tururi ya daki fuskarsa. Tukunyar tana tafasa, ɓul, ɓul, ba wuta a ƙarƙashinta.

Gyare suka yi tsit.

A bayansa kofato ya taka tsakuwa. Ƙwas. Ƙwas. Ya ce akuyar wani ce ta ɓace. Ya kasa kunne. Akuya da ƙafa huɗu take tafiya. Wannan da biyu take takawa.

Warin bunsuru ya cika kwarin, mai kauri, har ya ji shi a harshe.

"Ɗan Ifraimu," in ji wata murya ƙasa-ƙasa, dab da kunnensa. "Ɗan sam mana."

Ya san su a bakin kakarsa. Masu gashi ne, aljanu mazauna kufai. Ba sa iya kusantar shingen Shilo, sai dai su tsaya nesa suna shaƙar hayaƙin bagaden hadaya suna haɗiyar yawu. Yau ga rabon Ubangiji ya fito musu waje, kuma shi ya kawo.

"Ajiye a nan," in ji wata muryar ta hagu. "Ajiye kawai, ka tafi lafiya."

Hannunsa ya fara sassautawa. Ya sake ƙanƙamewa. Sata ya yi, ya sani. Amma ya ciyar da waɗannan da abin bagade, wannan kam ba shi da kaffara.

Ya ƙara sauri. Kofatai suka ƙaru. Huɗu. Shida. Ya daina ƙirgawa.

Da ya fito daga kwarin, ya hango gidansa. Azuba tana bakin ƙofa tana kaɗe taburma.

"Maigida!" ta kira. "Me ka riƙo mana? Ƙanshin har nan!"

Ta yar da taburmar, ta nufo shi hannu a miƙe, tana dariya. Ba ta ganin komai a bayansa.

"Can ma ya yi," muryar ta raɗa masa. "Da ita za mu ci."

"Koma!" Yaflet ya daka tsawa. "Koma ciki ki sa sakata!"

"Kai, yau kuma rowa ce ta motsa?"

"Azuba, na haɗa ki da Ubangiji, koma!"

Ta ga fuskarsa. Ta juya da gudu.

Shi ma ya juya. Hanyar Shilo ɗaya ce, ta cikinsu.

Ya sunkuyar da kai, ya shiga.

Gashi mai laima ya goge kafaɗarsa.

Numfashi mai zafi a ƙeyarsa.

Wani harshe mai kaushi ya lashi mayafin.

Ya yi tuntuɓe. Romon ya fantsamo, ya wanke masa hannun dama. Suka yi gurnani gaba ɗaya. Ya cusa hannun a ƙirji, ya zura da gudu, suna jan rigarsa, yana hawan tudu yana haki. Ya hango shingen. Ya faɗa kan tarin tsingaro, ya ɗaga tukunyar sama, ya tiƙa ta da dutse.

Ta tarwatse. Ko ɗigon romo babu a ƙasa.

Can ƙasan tudu wani abu ya yi kuka mai tsawo, sannan gyare suka dawo.

Abiyel yana tsaye a bakin shinge, dogare da sanda.

"Tukunya ɗaya na ba ka," ya ce. "Ƙarar fashewa biyu na ji."

Yaflet ya tashi tsaye. Ya miƙo hannun. Ba ƙuna, ba tabo, amma yana tururi. Tsohon ya daɗe yana dubawa, bai taɓa ba. Ya yago farin ƙyalle ya jefa masa.

"Naɗe. Ya sha. Ba naka ba ne kuma."

"Baba," in ji Yaflet, "shi ma fasawa za a yi?"

"Rufe min baki. Ka gode wa Wanda ya bar maka shi a jikinka."

Yaflet ya yi shekara ashirin bayan nan. Da hannun yake ɗebo ruwan bagade, da shi yake jera itace. Ban da wannan bai ƙara taɓa komai da shi ba, ko fuskar jikansa. Har ya mutu da hagu yake cin gurasa, kuma duk Shilo ba wanda ya taɓa yi masa gori.