Randa Ɗigon Gummi Ya Yi Ja

A wani ƙaramin asibiti a Gummi Sufyanu ya fara ganin Lubabatu, tana faɗa da firjin rigakafi da ya ƙi yin sanyi. Shi ɗan Anka ne, ɗalibin jami'a, ya zo tambayar inda asibitin ke samun wuta da ruwa.

"Ka yi mi da bayanin?" ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ya buɗe kwamfutarsa. Ya zana Anka, Bukkuyum da Gummi a ciki, kowace gada, kowane famfo, kowane ƙarfen sabis ɗigo ne kore. Ya danna gada ɗaya ta yi ja. Motar mai ta kasa wucewa, injin ƙarfen sabis ya mutu, famfo ya tsaya, asibiti ya bi sahu.

"Kai dai mugu ne," ta ce tana dariya. "Ka gina gari ka kashe shi da yatsa guda."

Ba a jima ba ya zama Injiniyana, ita kuma Luba tawa. Mahaifinta Malam Dalhatu, manomin shinkafa, bai so ba.

"Wanga wasan yara za shi ci da ke?"

Hankalinsa na kan Makau mai injin casa, shi yake so ta aura. Inna, mahaifiyarta, ita ce ta tsaya musu. Takan sa Sufyanu ya nuna mata ɗigogin, ta riƙe haɓa, tana kiransa Mai-kashe-gari.

Da damina ta yi nisa ruwa ya cinye hanyar Gummi, Sufyanu yana makaranta. Ya kira wayarta, a kashe. Ya tura saƙo: "Luba tawa, lafiya kuke? Ki ce mini ko kalma ɗaya."

Shiru. Sai wani aboki mai shegen surutu ya ce masa an ga Luba cikin kwalekwale tare da Makau. Abin haushi, duk Zamfara babu wanda ya kai Sufyanu sanin dalilin shirun nan, amma kishi ya rufe masa ido. Ya toshe lambarta.

Bayan makonni yana gwada aikinsa gaban malamai, ya zuba bayanan ambaliyar. Gada ta yi ja, ƙarfen sabis ya bi, asibiti ya bi, daidai ranakun da ta yi shiru. Malamai na tafi, shi gumi ne ya karyo masa.

Washegari ya isa Gummi. Ya tarar da tabarmin zaman makoki a ƙofar gida. Inna ta rasu.

Luba ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi. Wayarta kawai ta miƙa masa.

"Injiniyana, Inna ba lafiya, asibiti ba wuta. Makau za ya tsallaka da mu."

Na ƙasansa, bayan sabis ya dawo: "Inna na tambayarka. Don Allah ka taho."

"Ki gafarce ni, Luba," ya ce.

"Na gafarta. Amma na ji zafi, Sufyanu."

Malam Dalhatu ne ya kira shi zaure. "Ni ba kai nis so ba. Marigayiya ce ta roƙe ni, kuma ban iya saɓa mata."

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure. Aka yi addu'a Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya jiƙan Inna. Har Makau ya zo ya ce amin.

Da aka kai amarya Anka, Sufyanu ya yi tambayar da ta daɗe tana cinsa.

"Inna ta tafi tana fushi da ni?"

Luba ta girgiza kai, hawaye na zuba.

"Ban gaya mata sabis ya dawo ba. Har ta cika tana ce mini, ki yi mashi uzuri, ɗiyata, ɗigonmu ne yay yi ja."